Kurakuran da ake maimaitawa a tseren talo-talo na hutun Thanksgiving

A Amurka, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar bikin godiya da suke kira Thanksgiving, kamar yadda majalisar dokokin ƙasar ta tsayar a shekarar 1941, kuma da yake makarantu da ma'aikatu da yawa kan haɗa da ranar Juma'a, hutun kan zama na kwana huɗu, dangi su taru a gida ɗaya su ci gasasshen talo-talo. Kafin a zauna cin abincin akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi, domin da safe ake rufe tituna a manyan birane da ƙananan garuruwa, dubban mutane su fito tseren da ake kira Turkey Trot, wato tseren talo-talo, galibi na kilomita 5, wani wurin 8 ko 10. Wanda ya fi kowanne daɗewa shi ne na birnin Buffalo a jihar New York, wanda ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA ta fara a 1896 da mutum shida kacal, kuma tun daga lokacin bai taɓa tsallake shekara ba, ko a shekarar korona ta 2020 sai da aka yi shi da 'yan tsirarun mutane. A yanzu mutum kusan 14,000 ke bin titin Delaware su gangara tsakiyar gari, tafiyar kilomita 8. Akwai kuma na garin Manchester a jihar Connecticut, wanda aka fara a 1927, shi ma yana tara jama'a sosai.

Mutanenmu da ke zaune a can, musamman ɗalibai da ma'aikatan da ba su daɗe da zuwa ba, sun fara shiga wannan tsere tare da iyalansu, kuma ina ganin abu ne mai kyau, tun da yana fitar da mutum daga ɗaki a lokacin da duhu da sanyi ke son tsare shi. Abin da ya ishe ni shi ne duk shekara sai na ga sababbin fuskoki suna tafka kurakuran da na ga na bara sun tafka, kuma kusan dukkansu ba a cikin gudun suke faruwa ba. Gudun kilomita 8 ga mai matsakaicin ƙarfi bai wuce minti arba'in da biyar zuwa sa'a guda ba, kuma a wannan lokacin jiki na ɗumama kansa. Sa'ar da ke gaban tseren da sa'ar da ke bayansa su ne ke ɓata wa mutane hutu.

Na farkon da ya kamata a kawar tun da wuri shi ne na karanta hasashen yanayi. Amurkawa da ma'aunin Faranhait suke aiki, mu kuwa da Salshiyas muka saba, saboda haka baƙo kan ga digiri 30 a waya ya ɗauka ranar mai ɗumi ce, alhali digiri 32 a nasu ma'aunin shi ne sifili a namu, inda ruwa ke daskarewa. A juya wayar zuwa Salshiyas, sannan a duba ƙarfin iska, domin digiri 2 da iska mai kaɗawa daga tafkin Erie da ke gefen Buffalo ya fi sifili marar iska cizo. A ranar bikin ta 2018 sanyi ya sauka zuwa wajen digiri 7 ƙasa da sifili a birnin New York, a garuruwan da ke arewa da shi kuwa ya fi haka, kuma duk da haka an yi tsere a wurare da dama.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na tufafin auduga, kuma a kansa zan daɗe. Mun taso da sanin cewa auduga ita ce tufafi na gari, kuma gaskiya ne a ƙasa mai zafi, inda ake son riga ta sha gumi ta riƙe shi ta sanyaya jiki. Wannan halin nata shi ne ke zama masifa a cikin sanyi. Auduga na tsotse gumi ta ƙi bushewa, ruwa kuwa yana janye zafin jiki fiye da iska har kusan ninki ashirin da biyar, saboda haka wanda ya tsaya bayan gudu sanye da jiƙaƙƙiyar singileti ya ɗaura wa kansa abin da ke zuƙe masa ɗumi. Sabon shiga kan haɗa wannan da kuskure na biyu, wato jibga kaya. Yana fitowa daga mota sanyi ya buge shi, sai ya sa singileti da riga da suwaita biyu da jaket, ya fara gudu, kafin ya yi kilomita biyu ya jiƙe sharkaf, ya buɗe jaket ɗin iska ta shiga, ya isa ƙarshen tsere ya tsaya ɗaukar hoto da neman 'yan'uwa a cikin cunkoso, kuma a nan ne abin ke kama shi.

Haka ta faru da ɗan yayata a shekarar da ya zo karatu. Da daddare na ajiye masa riga ta roba da safar hannu a kan gado, da safe na tarar ya fito da nasa kayan, ya ce mini, "Kawu, ka manta a Jos na yi makaranta? Ni da sanyi mun san juna." Na ce masa sanyin Jos na ƙarewa idan hantsi ya ɗaga, wannan kuwa wuni yake yi, ya yi dariya muka tafi. Ya riga ni gamawa da nisa, ya tsaya jirana a bakin titi cikin jiƙaƙƙun kaya, ga makullin mota a aljihuna. Da na iso na same shi yana rawar ɗari kamar mazari, leɓɓansa sun canza launi, ina yi masa magana yana ba ni amsa a sarƙe, ya kasa zuge zif ɗin jaket ɗinsa da yatsunsa. Masu agajin gaggawa suka naɗe shi da bargo suka ce a tafi asibiti, kuma a sashen gaggawa muka ci bikin, abinci na hucewa a gida, uwar yaron na kira daga Kano tana kuka tana cewa na kashe mata ɗa. Ya warware a ranar, alhamdulillahi, amma takardar kuɗin da ta biyo baya ta cinye abin da na tanada domin tafiya gida a wannan shekarar. Likitoci na ɗaukar zafin jikin da ya faɗi ƙasa da digiri 35 na Salshiyas a matsayin abin gaggawa, kuma alamominsa su ne waɗanda na gani: rawar ɗari mai tsanani, sarƙewar harshe, ruɗewa da kasa sarrafa hannu. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, abin ƙaruwa ya yi, a kira lambar agajin gaggawa ta 911 nan take.

Ga yadda nake yi, ko da yake kowane ɗan tsere da nasa tsarin. Ina duba hasashen yanayi na ƙara digiri 10 a kai, na sa kayan da zan sa idan da fita tattaki zan yi a wannan ɗumin, ma'ana idan sifili ne na yi shigar digiri 10. Abin da ke taɓa fata dole ya zama na roba irin na 'yan ƙwallo ko na ulu mai laushi, mai dogon hannu, a bisansa riga marar nauyi mai tare iska, da dogon wando na roba, da safar ulu, da safar hannu, da hula mai rufe kunne. Idan na tsaya a layin farawa ina jin ɗan sanyi, na san shigar ta yi daidai, idan kuwa ina jin ɗumi ƙalau, to na yi yawa. Don jiran farawa, wanda kan kai rabin sa'a ko fiye a manyan tseruka, ina ɗora tsohuwar suwaita da na riga na fid da rai da ita, na cire ta na ajiye a gefen titi dab da tashi, kuma a wurare da yawa ana tattara irin waɗannan kayan a ba mabukata. Wasu kan huda babbar ledar shara su zura kai, ba kyan gani amma tana tare iska. Mata masu sa hijabi su ma su duba, domin na auduga kan jiƙe a wuya da ƙeya, nan ne kuma iska ke fara bugu, kuma akwai na motsa jiki da ake yi da roba. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne jakar busassun kaya: riga, suwaita mai kauri, safa, hula ta biyu da tawul, a hannun wanda zai tsaya kusa da ƙarshen tsere ko a wurin ajiyar kaya idan masu shiryawa sun tanada. Cikin minti goma da gamawa jiƙaƙƙiyar riga ta bar jikina, ko da a bayan mota ne, hoto da gaisuwa su biyo baya. Kuma kowane babba da ya zo a motar ya san inda makulli yake.

Wani babban kuskuren kuma na magidanta ne, kuma a nan sai dai a yi haƙuri da ni. Mutum ya yi rajistar tsere shi kaɗai, ya yi atisaye shi kaɗai, sannan da asuba ya tayar da gida gaba ɗaya, ya kwashi mata da yara da surukar da ta zo ziyara daga Najeriya ko Nijar ya jera su a bakin titi domin su ga wucewarsa na daƙiƙa biyar. Kai kana gudu jikinka na fitar da zafi, su kuwa suna tsaye a kan daskararriyar kwalta sa'a ɗaya da rabi, sanyi na hawa ta tafin ƙafa. Mai kallo ya fi mai gudu bukatar kaya nesa ba kusa ba, amma sai ka ga yaro da takalmin makaranta da safa ɗaya, tsohuwa da zani da mayafi da aron jaket. Yara ƙanana sun fi manya saurin rasa ɗumi, jariri a keken turawa kuwa ba ya motsi kuma ba ya iya faɗin abin da ke damunsa. Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman: littattafan agajin farko da yawa kan ce a duba jan fata, alhali a baƙar fata sanyin da ya fara cin kunne ko yatsa ba lallai ya nuna ja ba, sai dai wurin ya yi toka-toka, ya yi tauri, ya daina jin taɓi. A riƙa tambayar yaro ko yana jin yatsunsa, kada a jira gani da ido. Idan hakan ta faru a ɗumama wurin da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a murza, kada a kara a jikin hita ko wuta, domin fatar da ba ta ji na iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Wanda ke da mai ciwon sikila a gida kuwa bai kamata ma a tsaya muhawara da shi ba. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna tayar da ciwon, kuma safiyar tsere ta haɗa ukun wuri guda. Na taɓa jin wani uba yana cewa yaronsa ya nace sai ya je ya ga Baba na gudu, saboda haka ya kawo shi. Yaro ya nace, kai ne babba, kuma kai ne za ka kwana a asibiti kana kallon sa yana murƙususu. A bar shi a gida cikin ɗumi, a nuna masa bidiyo. Mai asma shi ma ya sani busasshiyar iska mai sanyi na matse hanyoyin numfashi, ya tafi da abin shaƙarsa a aljihu, ya rufe baki da hanci da ƙyalle mai laushi a farkon gudu.

Tsarina a nan mai sauƙi ne, kuma na san wasu za su ce ya rage armashi. Tun daren Laraba muke zaɓar wuri ɗaya mai rufi kusa da ƙarshen tsere, shagon shayi da aka tabbatar zai buɗe ko zauren da masu tsere ke taruwa, na faɗa wa uwargida lokacin da nake sa ran isowa, su fito minti goma kafin nan, su koma da zarar na wuce. Muna kuma tsayar da wurin haɗuwa da sunan titi, domin a cikin mutum dubu goma waya kan ƙi shiga, batir ma kan mutu da wuri a cikin sanyi, shi ya sa nake sa tawa a aljihun ciki kusa da jiki. Yaran da suka isa gudu kuwa gara a yi musu rajistar ɗan gajeren tseren yara da wurare da yawa ke haɗawa, da a bar su tsaye.

Sannan akwai batun girki, wanda magidanta ke yi kamar bai shafe su ba. Talo-talo mai kilo 7 na bukatar kwana uku zuwa huɗu a firji kafin ƙanƙararsa ta saki, a lissafin kwana ɗaya ga kowane kilo biyu da 'yan kai, sannan ya ɗauki wajen sa'a huɗu a oven, kuma ba a sauke shi sai ma'auni ya nuna digiri 74 na Salshiyas a cikin tsokar cinya. Mai son na halal sai ya yi oda wurin mahauci tun makonni kafin bikin, domin a makon ƙarshe ba lallai ya samu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya tafi gudu ya dawo da azahar ya miƙe a kujera yana cewa ƙafafunsa na ciwo, ya bar mace ɗaya da talo-talo da shinkafa da miya da baƙi goma sha biyu, kada ya yi mamaki idan baɗi aka ce babu inda za shi. A raba aiki tun ranar Talata, a yi yanke-yanke da soye-soye ranar Laraba, kuma wanda ya yi tsere shi ke wanke-wanke.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma suna da ban haushi. Kada a sa sabon takalmi ranar tsere, ko da an same shi a rangwamen bikin. A karɓi lambar ƙirji tun kafin ranar idan an ba da dama, a maƙala ta a kan rigar waje inda za a gan ta, kada a lanƙwasa ta, domin a bayanta na'urar ɗaukar lokaci take. Manyan tseruka kan cika tun kafin ranar, na Buffalo ma haka, saboda haka rajista da wuri. A duba taswirar titunan da za a rufe, don kada mota ta maƙale a cikin da'irar tsere har sai na ƙarshe ya wuce. A sha ruwa ko da ba a jin ƙishi, tun da sanyi na danne ƙishirwa alhali gumi da numfashi na ci gaba da fitar da ruwa. A shafa basilin a leɓe da kumatu. Kada a cika ciki da safe da sunan neman ƙarfi, shayi da burodi ko ayaba sa'a biyu kafin tashi sun isa. Mai niyyar tafiya da ƙafa ko turo keken jariri ya tsaya a baya, kuma ya fara tabbatar da cewa an yarda da keken, domin wasu masu shiryawa sun hana. A wasu wuraren ana raba giya a shagalin bayan tsere, mai yara ya san da haka kafin ya shiga da su.

Tashi da gudun wuce sa'a ya cancanci ɗan ƙarin bayani, domin sanyi da cunkoso da kiɗa kan ruɗi mutum ya fita a guje da jijiyoyin da ba su ɗumama ba. A Manchester akwai doguwar hawa ta titin Highland a mil na biyu, kuma a nan ake tsintar waɗanda suka ƙone ƙarfinsu a mil na farko suna tafe suna haki. Ni kan yi sassarfa ta minti goma kafin na shiga layi, na ɗauki kilomita na farko a hankali fiye da yadda raina ke so, kuma ina kallon ƙasa a wuraren shan ruwa, inda ruwan da aka zubar kan daskare ya zama santsi.

Lokutan salla su ma kan zo wa baƙo ba zato. A ƙarshen Nuwamba rana na fitowa a Buffalo bayan ƙarfe bakwai, ta faɗi kafin ƙarfe biyar, saboda haka asuba ba ta cin karo da tseren ƙarfe tara, amma azahar da la'asar da magariba kan matso kusa da juna daidai lokacin da ake hidimar abinci. Washegari kuma Juma'a ce, ranar da kasuwanni ke cika maƙil saboda rangwame, mai zuwa masallaci ya fita da wuri.

Tafiya ita ce ta ƙarshe. Laraba kafin bikin da Lahadi bayansa suna cikin ranakun da hanyoyi da filayen jirgin sama suka fi cunkoso a duk shekara a Amurka, kuma a yankin manyan tafkuna akwai ƙarin haɗari, domin iska mai sanyi idan ta ratsa saman tafkin Erie tun bai daskare ba takan kwaso danshi ta sauke shi dusar ƙanƙara a kan siririn yanki, wani gari ya nutse, na kusa da shi rana na haskawa. A Nuwamban 2014 da Nuwamban 2022, duk a makon da ke gaban bikin, garuruwan kudu da Buffalo sun sami ƙanƙarar da ta haura mita ɗaya da rabi, aka rufe babbar hanyar I-90, har wasan ƙwallon ƙungiyar Bills ta Buffalo aka mayar birnin Detroit a duka shekarun biyu. Mai zuwa daga nesa ya taso ranar Talata idan aiki ya bari, ya koma ranar Asabar maimakon Lahadi, ya duba hasashen hanyar gaba ɗaya ba na garin da za shi kaɗai ba. A bayan mota a ajiye bargo da shebur da abin kankare gilashi da ruwa da ɗan abin ci na yara, kuma kada a bar mai ya sauka ƙasa da rabin tanki.